Geron Gwaggo da Sikelin Ambursa

Da taubashiyata ta yi haihuwar fari a Abuja, ba ta samu zuwa gida wankan jego ba. Aikinta bai ba ta dama ba, ita kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune a Argungu, ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya. Da labari ya kai mata cewa ni zan wakilci dangi wajen suna, kuma ta jirgi zan tafi, sai ta aiko a kira ni. Na tarar ta ɗaure kaya a tsakar gida: busasshen kifi, daddawa, yajin jego, kanwa, man shanu a ƙaramin bokiti, da wani buhu da aka ɗinke bakinsa da zare, cike da gero. Na ɗaga buhun na ji nauyinsa, na ce, “Gwaggo, jirgi fa awo yake yi.” Ta dube ni ta ce, “Wanga ɗan ƙulli? Jirgin da ka ɗaukar alhazai har Makka shi za ya kasa geron ɗiyata?”

Ban ƙara magana ba, domin a gidajenmu ba a mayar wa babba saƙo. Washegari na isa filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa da jakata da kayan Gwaggo. Tikitin da na saya ta intanet shi ne mafi arha, kuma ya ba ni kilo 15. Sikeli ya nuna 33. Ma'aikaciyar da ke kan kanta ta lissafa mini kuɗin rarar cikin ladabi, kilo bayan kilo, na ga ya ninka kuɗin geron kansa sau da yawa. Na roƙi ragi kamar yadda kowane ɗan Najeriya zai yi. Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ta ce ba ta da wurin da za ta rubuta ragi. Layi ya taru a bayana, ana shelar shiga jirgi. Na cire buhun gero na miƙa wa direban da ya kawo ni, na ce ya ajiye mini a gida, na biya kuɗin abin da ya rage. A raina na ce, ai gero gero ne, kuma Abuja ma akwai kasuwa.

Tun daga ranar nake neman fahimtar abin da sikelin nan yake aunawa. Abin da na gano shi ne, awo biyu ne aka haɗa a kan ma'auni ɗaya, kuma fasinja yana cutuwa idan bai iya rarrabe su ba.

Awo na farko gaskiya ne tsantsa, na rai da mutuwa. Kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, wanda ya haɗa jikin jirgin, da mai, da mutane, da kaya. Iyakar nan ba ta tsaya wuri guda ba. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi, saboda haka fukafukai ba sa samun abin dogaro sosai, injin ma ƙarfinsa yana raguwa. Wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai gane cewa jirgin da ya tashi cikin sauƙi da hantsin hunturu yana buƙatar titi mafi tsawo ko kaya mafi sauƙi da azahar ɗin bazara. Bayan yawan nauyi akwai kuma wurin da aka ɗora shi. Masunta a Matan Fada sun san abin da ke faruwa idan kaya ya taru a ƙarshen kwalekwale. A ranar 8 ga Janairun 2003, wani ƙaramin jirgin kamfanin Air Midwest ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga birnin Charlotte na Amurka, mutum 21 suka mutu. Bincike ya nuna an yi kuskure wajen gyaran abin da ke sarrafa hawa da saukar jirgin, sannan jirgin ya yi nauyi fiye da ƙima, nauyin kuma ya karkata baya. Bayan wannan hatsari hukumar jiragen saman Amurka ta sake duba ƙiyasin nauyin fasinja da kaya da kamfanoni ke aiki da shi.

Lambobin da muke gani a tikitin ƙasashen waje ma suna da tushe. Kilo 23 shi ne laba 50 a ma'aunin Amurka, kilo 32 kuma laba 70. An tsayar da 32 a matsayin iyakar jaka guda ne saboda bayan ma'aikatan da ke ɗaga ta da hannu su jera a cikin jirgi, ɗaruruwa a kowace rana. Shi ya sa ko attajiri ne kai, idan jaka ɗaya ta wuce haka za a ce ka raba ta biyu. Alhazanmu sun san wannan lamba. Shekaru da yawa ƙa'idar Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta kasance kilo 32 na babbar jaka da kilo 8 na jakar hannu, ruwan Zamzam lita 5 kuma a kawo shi daban. Gwaggo ta yi gaskiya da ta ce jirgi na ɗaukar alhazai daga Ambursa, domin daga nan ne ma jirgin farko na aikin Hajjin 2024 ya tashi, na kamfanin Flynas. Abin da ta manta shi ne yadda ake zaman awon kaya a Makka kafin dawowa, da irin dabino da dardumar da ake bari a can.

Awo na biyu na kasuwanci ne, kuma shi ne ya tsayar da ni a kan kanta. Hujjar tana da sauƙi. Da kilo 18 da na ƙara za su jefa jirgin cikin hatsari, da ba a ce in biya kuɗi a ɗauka ba. Bugu da ƙari, ba a auna ni ba. Kamfanoni suna aiki ne da ƙiyasin matsakaicin nauyin mutum, saboda haka ƙaton da ya fi ni da kilo 40 ya wuce ba a ce masa uffan ba, ni kuma siriri na biya kuɗin man shanu. Wani ƙaramin kamfani a tsibirin Samoa ya taɓa gwada gaskiyar lissafin a 2013, ya riƙa auna fasinja da kayansa tare ya caje shi a kan jimilla, amma duniya ba ta bi shi ba.

Wannan awo na biyu yana da tarihi, kuma ba mai tsawo ba ne. Da can kuɗin tikiti ya ƙunshi kujera da abinci da jaka. Kamfanonin arha na Turai su suka wargaza wannan ƙunshi, suka sa wa kowane abu farashinsa. Ryanair na ƙasar Ailan ya fara karɓar kuɗin jaka a 2006. A 2008, da farashin ɗanyen mai ya doshi dala 147 a ganga, American Airlines ya sa dala 15 a kan jakar farko, sauran manyan kamfanonin Amurka suka bi sahu. Kafin shekarar ta ƙare farashin mai ya faɗi warwas, kuɗin jaka kuwa bai koma ba. A 2023 kamfanonin Amurka sun tara fiye da dala biliyan 7 daga kuɗin jaka kaɗai. Southwest, wanda ya daɗe yana tallar cewa jaka biyu kyauta ce a wurinsa, shi ma ya sauya a watan Mayun 2025.

Dabarar tana aiki ne saboda yadda muke sayen tikiti. Mutum ya buɗe waya, farashi ya jeru, ido ya tafi kan mafi ƙanƙanta. Kamfanin da ya cire jaka daga farashinsa shi zai hau sama a jerin, ko da jimillar abin da za ka biya a ƙarshe ta fi ta maƙwabcinsa. Sannan kilo ɗin da za ka iya saya da rahusa tun kana gida, shi ake sayar maka da tsada a kan kanta, a lokacin da ba ka da zaɓi, jirgi na jiranka, mutane na kallonka.

Adalci ne a faɗi cewa kamfanonin Najeriya ba a cikin daula suke ba. A 2022 litar man jirgi ta tashi daga kusan naira 190 zuwa 700 cikin 'yan watanni, har ƙungiyar masu jiragen ta yi barazanar dakatar da aiki a watan Mayu. Suna karɓar naira, suna sayen kayan gyara da inshora da dala. Kuma akwai hujja mai ƙarfi a bayan tsarin: me zai sa ma'aikacin da zai kwana ɗaya a Abuja da jakar kwamfuta ya tallafa wa mai buhu? Mu ma ba baƙi ba ne ga kuɗin kaya. A tashar mota ta Birnin Kebbi, wanda zai kai buhun shinkafa Sakkwato ko albasar Aliero kudu ya san kuɗin kujera daban, kuɗin kaya daban.

Bambancin shi ne a tasha ana magana. Ɗan kamasho zai ɗaga buhu da hannu ya yanka kuɗi, ka ce kayan mai jego ne, ya ce Allah ya raya, ya rage. Awonsa yana jin bayani. A Argungu ma muna da sikeli, kuma mun san darajarsa: shi yake raba gardama a bikin kamun kifi, kamar a 2020 da kifi mai kilo 78 ya ci gasa. Sai dai a can nauyi abin alfahari ne, haka ma a tsarabarmu. Wanda ya zo da kaya mai nauyi shi ya nuna an damu da wanda aka je wa. Tsarin jirgin arha an gina shi ne a kan matafiyin da ke tafiya shi kaɗai, da kayansa shi kaɗai. Bahaushe kuwa ba ya tafiya shi kaɗai ko da kujera ɗaya ya saya. Da zarar an ji za ka Abuja ko Legas, kai ne gidan waya na unguwa, kuma yawancin abin da ke jakarka amana ce.

A Abuja na shiga kasuwa na auni gero mai kyau, na sa aka zuba a sabon buhu, na haɗa da sauran kayan na kai. Taubashiyata, wadda ba mu taɓa haɗuwa ba ta tsokane ni ba, ta karɓi kifin da yajin tana murna. Da ta kwance buhun ta zura hannu, sai ta yi shiru. Ta ce, “Yaya, wanga ba surfen Inna ba ne.” Ashe Gwaggo, da ciwon ƙafarta, ta sa an fitar mata da turmi, ta zauna a kan kujera ta surfa geron da kanta, ta wanke, ta shanya, domin ɗiyarta ta sha kunun kanwa daga hannunta tun da ba za ta zo ta dama mata ba. Ni ban ko buɗe buhun na duba ba. Na lissafa shi da farashin mudu, kamar yadda kwamfutar kan kanta ta lissafa shi da farashin kilo. Taubashiyata ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini wasa ba har na bar gidan.

Laifin ba na ma'aikaciyar ba ne, ba kuma na jirgin ba. Ƙa'idar tana rubuce a tikitin da na saya, ni ne ban karanta ba, domin idona yana kan arha. Kuma ko a kan kantar ina da zaɓi. A jakata akwai takalma biyu da littattafai uku da ban buɗe ko ɗaya ba a tafiyar. Ina da kuɗin da zan biya, ƙyashi ne ya hana ni, don na ga kamar wauta ce a biya kuɗin da ya fi ƙimar kaya. Da na dawo na ɗauki buhun na kai tasha, aka ba direban Abuja, ya bi ta Jega da Yawuri da Kontagora, ya isa bayan suna da kwana shida. Daga nan na wuce Argungu na faɗa wa Gwaggo abin da na yi. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Da ka gaya min, da na rage.”

Maganar nan tata ita ta gyara mini tafiya. Na sayi ƙaramin sikelin rataye, irin na masu sayar da kifi. Kafin in biya tikiti ina duba kilo nawa ya ƙunsa, in haɗa farashinsa da na kilo ɗin da zan ƙara, sannan in kwatanta da tikitin da ya fi shi tsada a ido. Sau da yawa mai tsadar ne mai arha. In zan ƙara nauyi, ina saye tun ina gida. Abin da ba ya lalacewa, kamar shinkafa da gero, ina tura shi ta mota kwana uku kafin in tashi. Mafi wuya a cikinsu shi ne na koyi faɗa wa manya gaskiya tun a tsakar gida: ga abin da jirgi ya ba ni, ga abin da ya rage, wanne ne ba za a iya saye a can ba? Na ɗauka za a ji haushi. Abin da na gani shi ne tsofaffi sun fi mu iya wannan lissafi, domin sun san abin da ke cikin kowane ƙulli.

Da taubashiyata ta sake haihuwa, na je Argungu da sikelina a aljihu. Gwaggo ta karɓe shi ta jujjuya, ta sa jikanta ya rataya ƙullin, ta ce a karanta mata. Kilo 9 ne. Ta sa aka kwance, ta cire kanwa da daddawa, ta ce waɗannan akwai su ko'ina. Geron ta bar shi yadda yake, ta ɗinke bakin buhun da hannunta, ta ce in sa shi a jakar da ba za ta rabu da ni ba.