Abu Huɗu Churchill Ya Faɗa, Uku Aka Riƙe

Ranar 13 ga Mayu, 1940, kwana uku da zamansa firaministan Birtaniya, Winston Churchill ya shaida wa majalisar dokoki cewa ba shi da abin da zai ba ƙasarsa face jini da wahala da hawaye da gumi. Abu huɗu ya lissafa. Amma a bakin masu jin Ingilishi a yau uku suka rage, wato jini da gumi da hawaye. An zubar da wahala, an kuma sauya jerin. Ba wani ne ya zauna ya gyara ba, kunnen jama'a ne ya sassaƙe maganar har ta dace da abin da yake iya ɗauka.

Masana balaga sun daɗe da sanin ƙarfin jerin uku. Na farko yana buɗe zance, na biyu ya sa mai sauraro tsammani, na uku ya cika masa shi. Da wannan salo Abraham Lincoln ya rufe jawabinsa na Gettysburg ranar 19 ga Nuwamba, 1863, inda ya siffanta mulki da cewa na jama'a ne, jama'a ke yin sa, don jama'a ake yin sa. Kalma guda ce ta dawo sau uku. Jawabin bai wuce kimanin minti biyu ba, alhali Edward Everett da ya riga shi magana ya shafe wajen awa biyu. Na Lincoln ake haddacewa har yau.

Akwai kuma salon juyi, inda ake kifar da rabin jimla a kan ɗaya rabin. A ranar 20 ga Janairu, 1961, John Kennedy ya nemi Amurkawa su daina tambayar abin da ƙasa za ta yi musu, su tambayi abin da za su yi wa ƙasa. Duk wanda ya riƙe kashin farko ya riga ya riƙe na biyu, domin kalmomin ba su sake ba, mazauninsu kawai aka musanya.

Sai dai kunne ba alƙali ba ne. Daɗin tsari yake ji, ba ruwansa da gaskiyar abin da aka faɗa, shi ya sa mai tallan haja da mai neman ƙuri'a ke ɗora alkawarinsu a kan waɗannan sassa. Ɗalibin da ya ci karo da jimlar da ta manne masa a rai yana da gwaji mai sauƙi: ya warware ta, ya sake faɗin ta da kalmomin yau da kullum, ba jeri ba maimaici. Ta Lincoln takan tsira, domin akwai ra'ayi a ƙarƙashin adon. Da yawa kuwa in an tuɓe musu ado babu abin da ke saura.