Sunan da ke Bayan Fijo

Duk wanda ya girma tsakanin Kura da Bunkure ya fi sanin Fijo ta baya. Ita ce ke wuce mutum a kan hanyar Zariya, ko ta bar shi da ƙura a gefen kanal, abin da zai gani na ƙarshe shi ne haruffa bakwai da lamba uku. Da yawanmu a nan muka fara haɗa baƙin boko, tun ba mu san Faransawa ba sa furta rabin abin da suka rubuta ba. A 1975 aka fara haɗa ta a Kakuri ta Kaduna, a daidai shekarun da ruwan Tiga ya fara ratso gonakinmu, don haka kuɗin alkama da tumatir da 504 tare suka shigo mana. Akori-kurarta kuwa har yau tana jigilar kwanduna zuwa Kwanar Gafan.

Ta mahaifinmu ta yi shekaru a zaune cikin gareji, kaji na ƙwai a kujerar baya. Da muka haɗa kuɗi mu 'ya'yansa, aka sauke inji, aka yi walda, aka fesa farin da take da shi tun asali. Sai ta fito tsaf, amma kamar jaririn da ba a raɗa wa suna ba. Mai gyaran jiki ya toshe ramukan baya da fila, ya goge sumul.

Nemo haruffan ya fi nemo gilas wuya. An daina haɗa 504 a Kaduna tun wajen 2006, sai dai na jikin matattun motoci. A Ƙofar Ruwa muka zazzage buhu a ƙasa muna tsinta, wani ya dushe, wani ƙafarsa ta karye. Ƙafafun nan su ne komai: 'yan tsinkaye ne a bayan tambarin, masu shiga rami a kama su daga ciki. Masu gaggawa yanke su suke yi su shafa gam, zafin watan Afrilu kuma ba ya raga wa gam.

Mai fenti ya ce a bari fentin ya yi ƙwari tukuna. Da lokaci ya yi, sai ƙaraminmu ya shiga but da tocila, domin ta ciki tabon tsofaffin ramukan bai ɓata ba. Aka huda da ƙaramin bakin diril, a hankali, an manna salatif a waje kada fenti ya tsage. Aka ɗiga fenti a kowane rami, don ta nan tsatsa ke fara shiga, mu kuwa ƙasarmu ba ta rabuwa da laima ko da rani. Aka ja zare aka duba saiti. Ba a sa guduma. Tafin hannu ne da tsumma.

A kan haruffa biyu na ƙarshe muka yi gardama. Tamu GR ce, amma a buhun mun samu SR sabo fil, wadda ta fi ta daraja.

"Yallaɓai, ku sa wannan," in ji mai fenti. "In za ku sayar, kuɗinta ya ƙaru. Wa zai sani?"

Wasunmu sun so. Kuɗin da muka zuba ba kaɗan ba ne, kuma ba dukanmu ke da hali ɗaya ba. Yaya ya juya tambarin a hannu ya daɗe, sannan ya ce, "Baba ya tambayi kuɗin SR a lokacin, bai kai ba. Abin da ya iya ya saya, bai ci bashi ba."

GR ɗin da muka samu ya dushe, akwai karce a ƙafar R. Muka wanke shi da man goge baki da tsohon buroshi, ƙaraminmu ya koma cikin but, Yaya ya danna daga waje har muka ji ƙas. SR ɗin muka bar wa mai fenti.