Grand Rapids: garin da ake raya tsofaffin kayan ɗaki cikin dusar ƙanƙara

Uwargida, idan hanya ta taɓa kai ki jihar Michigan ta Amurka a watan Janairu, ki sauka a Grand Rapids. Garin yana da nisan kusan kilomita 50 daga Tafkin Michigan, kuma tafkin ne ke jawo masa abin da yake gani. Iska mai sanyi takan taso daga yamma, ta ratsa ruwan da bai gama daskarewa ba, ta kwashi danshi, ta zo ta juye shi a kan garin. A shekara dusar da ke sauka takan kai kusan mita 2. Da rana da wuya ma'aunin zafi ya haura sifiri, da dare kuwa yakan sauka digiri 8 ƙasa da shi. A ƙarshen Disamba hasken yini bai wuce awa 9 ba.

Laƙabin garin shi ne Birnin Kayan Ɗaki. A ƙarni na 19 ana sare itatuwan dazukan Michigan a turo gungumen ta kogin Grand zuwa masana'antu. A baje kolin Philadelphia na 1876 kayan garin suka yi suna, kamfanoni irin su Berkey & Gay da Widdicomb suka shiga bakin duniya. Baƙi daga Holan da Folan ne suka cika masana'antun, kuma a 1911 dubban ma'aikatan suka yi yajin aiki na wata 4 kan albashi da tsawon awannin aiki. Yawancin waɗancan kamfanoni sun rufe, amma abin da suka ƙera yana nan a gidaje, musamman a unguwar Heritage Hill mai tsofaffin gidaje kimanin 1,300.

Shi ya sa mai sha'awar gyaran tsofaffin kaya ba ta rasa abin yi. Da bazara mutane kan baje kayan da suka gaji da su a ƙofar gareji. Sanyi na shigowa wannan kasuwa ta watse, sai a koma shagunan gwanjo, da Facebook, da gidajen da magada ke sayar da kayan mamaci. In kin ga kabad, ki jawo durowa ki duba ciki, sau da yawa tambarin kamfanin yana nan. Ki duba kusurwa kuma: in katakon ya shiga juna kamar yatsun hannu biyu, aikin mai ƙwari ne.

Sayen ba shi ne wahalar ba. Sai kin share dusa da shebur kafin mota ta fita, sannan ki kare ƙafafun teburin daga gishirin da ake watsawa a titi. In kin shigo da shi, kada ki taɓa shi sai ya yi mako ɗaya ko biyu. Hita tana busar da iskar gida, katako ya tsuke, gaɓoɓin kujera su saki. Kin san wannan tun daga gida, yadda ƙofa ke tsagewa da hunturu ta kumbura da damina. Durowar da kika gyara ta zauna cif a Janairu za ta ƙi buɗuwa a Yuli, don haka ana bar mata ɗan sarari, a goga kyandir a inda take zamewa.

Gam da fenti ma ba sa son sanyi. Yawancinsu ba sa kamawa da kyau in ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10, ga gareji ya zama firji. Masu wannan aiki sukan raba shekara biyu. Lokacin sanyi na wanki ne da sabulu, da kwance kusoshi, da goge hannayen tagulla, da ɗinka sabon yadi a mazaunin kujera, da manna gaɓoɓi a cikin gida. Tsohon gam na fatar dabba ne, ruwan zafi kaɗai ke sassauta shi. Kankare fenti da duk abin da ke da wari kuwa sai bazara, lokacin da za a buɗe ƙofa.

A nan nake so ki tsaya, domin maganar 'ya'yanki ce. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje da kayan ɗaki. Kujerar da aka yi wa fenti kafin nan tana iya ɗauke da ita, kuma gurza ta a rufaffen ɗaki yana mai da ita ƙura. Ƙurar ta sauka a ƙasa, mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. A shagunan kayan gini na can ana sayar da abin gwaji mai arha. A gwada kafin a taɓa, mai juna biyu kuma ta nisanci aikin.

Haɗari na biyu shi ne kunna hitar kananzir ko gas a rufaffen gareji. Iskar da take fitarwa ba ta da wari, tana kisa, kamar kaskon gawayi a ɗakin da aka kulle. Na uku, tsumman da aka shafa wa katako mai da shi, in aka dunƙule aka jefar, yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi ake yi a waje ko a jiƙa shi a ruwa.

Da wannan taka-tsantsan, aikin yana rage tsawon dare. Ƙarfe 5 duhu ya fara, gajimare ya rufe gari kwana da kwanaki, kaɗaici yana kama mutane. Wadda ke da kujera ɗaya tana jiran ta a falo tana da abin tashi ta yi bayan yara sun kwanta.

Kafin ki bar garin, ki leƙa gidan tarihi na Grand Rapids Public Museum a bakin kogi, inda aka adana kayan da garin ya ƙera. In kin dawo gida, ki sake duba sif ɗin auren Hajiya da ke sito kafin a ba mai gwangwan ko a faskara shi. Wataƙila gam da kyandir kawai yake jira.