Waɗanda Suka Yi Gabas

A gidanmu akwai wata magana da ba a jan ta: "Sun yi gabas." Tun ina yaro nake jin ta a bakin Goggo, yayar mahaifina, duk sanda aka zo lissafin dangi. Za ta ambaci mahaifinta, ta ambaci kakanta, sai ta ce shi ma yana da wa, amma sun yi gabas. Daga nan ta ja bakinta ta ci gaba da tsintar wake. A lokacin na ɗauka gabas wata unguwa ce a bayan kasuwa.

Ni malamin firamare ne, ba masanin tarihi ba. Abin da ke cin yammacina bai wuce uku ba: tattabaruna, dara a majalisa bayan La'asar, da gidan kallon ƙwallo ranar Asabar. A daminar 2021 na faɗi a babur na karye, na yi wata biyu a kwance. Na buga ludo a waya har ya gundure ni. Wani dare, don kawai barci ya ƙi zuwa, na shiga intanet neman asalinmu.

Shafukan bin salsala da na fara cin karo da su ba don irinmu aka yi su ba. Suna son sunan da zuriya ke gada, da ranar haihuwa, da takardar aure. An gina su ne don mutanen da coci da ofishin ƙidaya suka rubuta kakanninsu. Mu kuwa kowa da sunan ubansa ko na garinsu yake amsawa, tsofaffinmu kuma da yunwa da fara da zuwan jirgin ƙasa Kano suke ƙirga shekaru. Na rufe shafin na dogara sanda zuwa ɗakin Goggo.

"Goggo, wai yaushe suka yi gabas ɗin nan?"

"Shekarar da Nasara suka ci Kano mana, ɗan nan. Sai yau ka ga damar tambaya?"

Sunan mutumin ma ba ta faɗa ba, don sunan ɗanta na fari ne, sai a bakin Baffa na ji. Amma ta ba ni sauran. Su biyu ne, marina, a ƙauyenmu na kudancin ƙasar Kano, da karofinsu a gindin tsamiya. Uwarsu makauniya ce. Da ayarin masu hijira ya ratso, dole ɗaya ya zauna da ita. Wan ya ɗaura wa jaki kaya ya bi ayari da matarsa. Ƙanen, kakan Goggo, ya zauna, kuma har ya rasu bai yarda an cike ramin rinin wansa ba.

Da wannan na koma waya, sai abubuwa suka fara haɗuwa. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, jama'a suka dinga barin gonaki da sana'o'i suna bin sa. A Yulin shekarar aka kashe shi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da waɗanda suka tsira har Sudan, suka zauna kusa da Sennar, a bakin reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Garin har gobe Mai Wurno ake ce masa. Ashe gabas ɗin Goggo tana da suna, tana kan taswira.

Na nemo zaurukan Hausawan Sudan a Facebook. Yawanci da Larabci suke rubutu, ni kuma Larabcina na allo ne, sai na dinga haɗawa da manhajar fassara. Na rubuta labarin marini da makauniyar uwarsa. Sati uku shiru. Sai wani matashi mai gyaran waya a Mai Wurno ya ce in ba shi lambata, kakarsa na da magana.

Saƙon murya ne na minti huɗu. Habboba yake ce mata, yadda 'yan Sudan ke kiran kaka. Hausarta tsohuwa ce, irin ta Goggo, da Larabci tsilli-tsilli. Ta ce kakanta marini ne daga ƙasar Kano, a can ya bar rini ya koma aikin auduga a gonakin Jazira. Ta faɗi sunansa, ya zo daidai. Ta ce yana yawan cewa ya baro ƙanensa da uwa marar gani, da rami a gindin tsamiya.

Sau uku Goggo ta sa na maimaita mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka gaya mata tsamiyar ta faɗi, amma ramin yana nan."

Da na koma majalisa, abokin darata ya kwashe da dariya. Ya ce marina nawa ne a ƙasar Kano, tsamiya nawa ce, masu wannan suna kuma ai rabin gari ne. Gaskiyarsa. Ba ni da takarda ko ɗaya. Na kai wa Goggo maganar, ta ce, "Shekara fiye da ɗari wata tana riƙe da labarin uwar kakana. In ba jinina ba ce, to mene ne jini?"

Haka zumunci ya ƙullu. Ina tura masa hoton tattabaru, yana tsokanata da Kano Pillars, ina rama wa a kan Hilal ɗinsu. Da Sallah tsofaffin biyu su yi ta "Yaya" da "ƙanwata" a waya har caji ya ƙare. An ce zumunta a ƙafa take, tamu a babban yatsa take, ni kuma na ɗauke ta kamar dara: abin yi in an samu sarari.

A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ya ce su lafiya lau, sai dai gida ya cika da 'yan gudun hijira, abinci ya yi tsada. Bai roƙe ni komai ba. Na yi niyyar aika masa wani abu, na ce sai an yi albashi. Aka yi albashi, na ce sai na gaba. Har buhun dawar tattabaru na saya a tsakanin.

A tsakiyar 2024 faɗan ya iso jihar Sennar. Saƙonsa na ƙarshe gajere ne: "Ɗan'uwa, muna fita. Habboba ba ta iya tafiya, a amalanken jaki muka ɗora ta. A sa mu a addu'a." Na amsa nan take. Alama ɗaya ce ta fito a gefen saƙona, kuma har yau ɗaya ce.

Na shiga neman asali ne don in kashe dare, ban san haƙƙi nake jawo wa wuyana ba. Da, mutanen gabas labari ne, labari kuwa ba ya jin yunwa. Yanzu suna da murya, muryar tana cikin wayata. Duk mai son bin salsalarsa ya fara da tsohuwar da ke gidansu tun tana da rai, ya naɗi maganarta. Amma ya sani, in ya samu dangin, ba a allon waya za su tsaya ba.

Kullum bayan Magariba, in na rufe tattabaru, sai na leƙa ɗakin Goggo. Ba ta ƙara cewa sun yi gabas ba. Abin da take tambaya shi ne, "Ɗan nan, Yaya ta yi magana?"

Sai in duba wayar a gabanta, ko da na duba a ƙofa.