Ranar Da Na Shiga Jirgin Fito Zuwa Gungu

Yau asirin kaina na zo tonawa, don haka mai dariya ya gyara zama.

Ni 'yar Sakkwato ce gaba da baya, a Mabera nake aure, kuma duk ruwan da na sani a rayuwata bai wuce na jarkar 'yan ga-ruwa da gulbin Rima da muke leƙawa ta tagar mota a gadar Kwalkwalawa ba. Ko a 2010 da ambaliya ta yanke hanyar jami'a, mutane suka koma tsallakawa da kwale-kwale, daga nesa na tsaya kallo, ban yarda ƙafata ta taɓa jirgi ba. Amma da yake alƙalami ba ya jin kunya, sai ga ni na rubuta littafi har kashi biyu a kan yarinyar da aka haifa a tsibiri. Na cika wurin da furanni da bishiyar kwakwa, na sa mata leshi da takalmi mai tsini, a ƙarshen kashi na biyu kuma na jefa ta ruwa tana ihu, saurayi ya faɗa ya ceto ta. Wallahi daga finafinan Indiya na kwaso tsibirin nan ɗungurungum.

Shekaru suka wuce babu wanda ya tanka, sai da aka fara karanta littafin a YouTube. Ran nan wata malamar firamare ta kira ni daga Yawuri, muka gaisa, sai ta ce, "Hajiya, don Allah kin taɓa ganin gungu da idonki?" Na ce mene ne gungu? Ta yi dariya har da tari. Ta ce abin da nake kira tsibiri ke nan, kuma yarinyar da aka haifa a can da wuya ta kai shekara biyar ba ta iya iyo ba. "In kin shirya ki zo, ɗakina na nan."

Maganar ta tsaya mini a wuya. Bayan ƙaramar Sallar 2024, cikin Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke sa a kwana tsakar gida ana yayyafa wa tabarma ruwa, na nemi izinin maigida. Ya ce, "Ke da ba ki iya ruwa ba, mi za ki biɗa cikin Kwara?" Da ƙyar ya yarda, shi ma sai da ya haɗa ni da ɗanmu na fari. Muka bi ta Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Jega, Koko, muka isa Yelwa da la'asar a galabaice, muka kwana gidan Malama.

Washegari da sassafe ta kai mu bakin ruwa. Mai karatu, ban san haka kogin Kwara yake ba. Na baza ido ina neman ɗaya gaɓar, sai wani siririn layi kore na hango can ƙarshen gani. Jirgin fiton na katako ne, dogo, da inji a bayansa. An riga an ɗora babur guda, da buhunan gishiri, da awaki biyu, mu kuma muka jeru bisa allunan da aka gitta. Wani yaro na zaune a tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa. Na tambayi mai jirgin ko akwai rigar kariya, ya nuna mini guda biyu da ya yi matashi da su. Na karɓi ɗaya na ɗaura wa ɗana, yana ta zumɓura baki wai za a yi masa dariya, ɗayar kuma na sa a kan hijabina. An yi mana dariyar kuwa.

Da muka yi nisa sai na lura mai jirgin ba ya miƙewa, yana ta kauce-kauce kamar mai gudun ramuka a kwalta. Malama ta ce kututturan itatuwa yake kaucewa. Duk inda muke bi ɗin nan da can gonaki ne da garuruwa. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ruwa ya taso ya shanye su, aka tashi mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni, har tsohon garin Busa ya tafi ƙarƙashin ruwa. Itatuwan wancan zamani suna nan tsaye, da bazara in ruwa ya ja baya sai kawunansu su matso sama, jirgin da ya hau ɗaya kuwa sai dai Allah Ya kyauta. Tun daga nan na daina kallon tsuntsaye, na koma kallon hannun mai jirgi.

Kusan minti 40 muka yi. Gungun ƙarami ne, a sa'a ɗaya mun kewaye shi. Ban ga fure ko ɗaya ba. Albasa na gani, an baza ta a inuwa tuli-tuli, ga taru a shanye, ga mata na ƙyafe tarwaɗa da ƙawara, hayaƙi na shiga ido. Mu Hausawa muke ce musu Gungawa, su kuwa Reshe suke kiran kansu, suna da yarensu, Hausa ta kasuwa ce da baƙo. Sai ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya da ba ta wuce shekara shida ba ta tuƙo ƙaramin kwale-kwale ita kaɗai, ta ɗaure shi, ta faɗa ruwa ta ɗauko kwanon da ya suɓuce mata, ta fito tana tsane kai. Malama ta dube ni ba ta ce komai ba. Da ma ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Aka sauke mu gidan wata tsohuwa, gwaggon wata ɗalibar Malama. Ta kawo tuwo da miyar ɗanyen kifi, irin wadda tunda nake ban taɓa ci ba, muka ci har ɗana ya manta da fushin rigar kariya. Malama da tsokana ta kwashe labarin littafina ta faɗa mata. Na zaci za ta yi dariya, sai ta yi shiru tana wasa da bakin zanenta.

Ta ce, "Ɗiyata, gaskiya ne mun iya ruwa. To amma kin ga waɗanda ruwa ke ci, da yawansu sun iya shi. Jirgi in ya kife da mutum ɗari, wanda bai iya ba shi ke riƙe wanda ya iya. Mace da goyo a baya kuma da wane hannu za ta yi iyo?"

Ta ce tana budurwa aka tashe su daga tsohon gungunsu, aka kai su gidajen siminti a tudu, nesa da ruwa. Daga baya ta yi aure a nan. Ta nuna mini wani wuri a tsakiyar ruwa inda babu komai sai ƙyalli, ta ce kabarin babanta na wajen, in za su wuce takan yi masa addu'a daidai nan. Sannan ta kawo zancen jirgin Wara. Wannan na san shi, mun ji a rediyo: ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse a yankin Ngaski, kaɗan suka fita da rai. Amma a rediyo lamba na ji. Ita sunaye ta riƙa kira, tana lissafawa da yatsu, har hannu ɗaya ya ƙare ta koma ɗayan.

Na ce, "Inna, ba ku jin tsoro?" Ta ce, "To ta ina za mu bi? Kasuwa a ƙetare, asibiti a ƙetare."

Bayan la'asar muka koma bakin ruwa, a nan ne cikina ya ɗuri ruwa. An shaƙe jirgin da buhunan albasa har tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba, ga wasu buhu shida a ƙasa ana shirin ƙarawa, ga gabas ta fara haɗa hadari. Shi ne jirgin ƙarshe. Kowa ya ga abin da na gani, babu wanda ya ce uffan, don mai albasar ɗan gari ne, kuma gobe yake son ta kama mota. Ni baƙuwa ce, kuma mace, an hore mu da kawaici a garin mutane. Na dubi ɗana, na tuna yatsun tsohuwar nan.

Na ce, "Malam, don girman Allah a bar shidan nan sai gobe." Mai jirgin ya ce, "Hajiya, shekara ashirin ina fito, mai kuma ya yi tsada, in ban cika ba da me zan sayi na gobe?" Ban ga laifinsa duka ba, gaskiya ya faɗa. Na buɗe jaka na biya shi kuɗin fiton buhu shidan, na ƙara wa mai albasa wani abu na haƙuri. Kuɗin tsarabata ke nan kaf. Wani dattijo da bai ce komai ba tun farko sai a lokacin ya ce, "Ai da ma ya yi nauyi."

Iska ta same mu a tsakiya. Ruwa ya riƙa dukan gefen jirgi yana fallatso mana, yaro mai jarka ya kasa, ɗana ya karɓi kwano yana taya shi. Babu abin da kake ji sai salati da kukan inji. Na ƙanƙame allon da nake zaune har farcena ya karye ban sani ba. Ana kiran magariba muka taka ƙasa, na durƙushe a cikin laka, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

A Agustan 2025, da jirgin 'yan kasuwar Goronyo ya kife nan jiharmu da mutum sama da 50, Malama ce ta fara kirana. Muka yi wa juna ta'aziyyar mutanen da ba mu sani ba. Kafin ta ajiye ta ce, "To Hajiya, ina kashi na uku? Ya za ki yi da yarinyar taki?"

Na ce mata yarinya dai ta riga ta faɗa ruwa a kashi na biyu, an buga an sayar, ba ni da yadda zan tsamo ta a bushe. Amma na gano abin da ya hana ta iyo: ƙanwarta ce goye a bayanta, kuma jirgin an yi masa lodin albasa. Malama ta ce to takalmin mai tsini fa? Na ce shi ne abu na farko da ruwa zai tafi da shi. Ina shafi na 60 yanzu.