Addu'a domin ƙasa

Ɗan uwa mai karatu, ko ka taɓa jin fasto ya ce a yi azumi da addu'a domin ƙasa? Nan Cadawa, mun saba jin wannan kira in ruwa ya ɗauke tsakar damana, hatsi ya fara yaushi. Musulmi su fita roƙon ruwa, mu Kirista mu taru cikin majami'a. Duk sama ɗaya muke kallo.

Amma kiran da ya fi mini nauyi shi ne na shekarar 2015. Cikin watan Janairu, an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasu. Rai ya ɓaci ƙwarai. Shugabannin Kirista ba su ce a rama ba. Cewa suka yi a gafarta, a yi wa Nijar addu'a. Kai, abin da wuya! An ƙone maka ɗakin sujada, kuma kai ne za ka roƙa wa mai ashana alheri.

Cikin irin wannan kira akwai kalma guda da ba mu cika son ji ba, ita ce tuba. Addu'a da daɗi, ana yin ta da waƙa da tafi. Tuba fa? Ni dai ga yadda na gane ta. Mai tiya biyu a kasuwa, ta saye daban, ta saidawa daban, ya yar da guda. Wanda ya ci iyakar gonar marayu, ya maida gamba inda take tun ba a yi shuka ba.