Durƙusa wa wada

A wani watan Yuli, wani malamin lakol ɗan Damagaram da ya je ƙaro ilimi a Girnobul ta ƙasar Faransa ya bi ƙungiyar masu sha'awar ɗaukar hoto zuwa tsaunukan Alp. Mota ta sauke su a mashigin Lotare, inda tudu ya haura mita 2000, kusa da lambun tsirran tsauni da jami'ar Girnobul ta kafa a 1899. Daga nan suka kama hanya da ƙafa.

Shi dai ƙololuwa da ƙanƙara suka ɗauke masa hankali. Da ya waiwaya, sai ya ga abokan tafiyarsa, har da masu furfura, sun zube rubda ciki kamar masu neman allura. Furanni suke ɗauka. Tsirran wurin ba sa tsawo, domin iska da sanyi kan kassara mai miƙewa. Ƙanƙara kan danne su fiye da rabin shekara, sai su yi fure da iri cikin ƴan makonni.

Can ya hangi edelwais, farin fure mai gashi kamar auduga, gashin da ke kare shi daga bushewa da kaifin rana. Ya miƙa hannu zai tsinka wa ɗiyarsa tsaraba, sai wata dattijuwa ta riƙe shi.

«Mushe, mun shigo tsakiyar gandun Ekaran, nan doka ta hana tsinka. Durƙusa ka ɗauka.»

Abin ya yi masa nauyi, shi da ɗalibai ke miƙewa in ya shigo aji. Amma ya durƙusa, ya kafa gwiwar hannu a ƙasa, ya riƙe numfashi, ya jira iska ta lafa. Sai a karo na bakwai hoton ya fito sarai.

Yana nan durƙushe ya tuna da tumfafiyar bayan lakol ɗinsu, mai farin gashi a sabon ganye. Shekara ashirin yana wuce ta, bai taɓa sanin launin furenta ba.

Da ya koma gida, ya fita da ɗalibansa bayan gari, ya riga su durƙusawa gaban tafasa da duman kada. Da suka zo ga tumfafiya, ya duba da kyau: ashe furen fari ne, bakinsa shunayya.